Me Ya Sa Gina Sabon Tsarin Fayil Ke Cin Shekaru?

Faifan ajiya bai san fayil ba. Ko mai juyawa ne ko SSD, abin da ya mallaka kawai dogon jerin gurabe ne masu lamba, daga sifili har inda ya ƙare, kowane gurbi na ɗaukar bayit 512 ko 4096. Ka ce ya ajiye abu a gurbi na kaza, ya ajiye. Ka ce ya ba ka abin da ke gurbi na kaza, ya miƙo. Iyakarsa ke nan. Sunan fayil, folda, ranar da aka taɓa shi, wanda aka yarje wa ya buɗe da wanda aka hana, duk wani sashe ne na babbar manhaja ya ƙago su ya shimfiɗa a kan jerin nan. Sashen nan shi ne tsarin fayil. Linux na da ext4 da XFS da Btrfs da F2FS, FreeBSD na da UFS da ZFS, DragonFly BSD kuma na da HAMMER2.

Duk da yawansu, ba a rasa mai tashi ya ce zai rubuta sabo, musamman a duniyar buɗaɗɗiyar manhaja inda ba sai ka nemi izinin kowa ba. Fara aikin ma ba wuya. Ɗalibi mai ƙwazo zai iya haɗa tsarin da zai karɓi fayil ya dawo da shi lafiya cikin 'yan makonni. To amma duba. Chris Mason ya fara Btrfs a kamfanin Oracle a 2007, ya shiga kenel ɗin Linux, wato zuciyar babbar manhajar, a 2009, amma sai a 2020 Fedora, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, ta yarda ta riƙa ɗora shi kai tsaye a kwamfutocin tebur. Kent Overstreet ya sanar da bcachefs a 2015, bai samu shiga kenel ba sai a fitowar 6.7, farkon 2024. Ina shekarun nan suke tafiya?

A ganina ba wajen neman gudu suke tafiya ba, ko da yake gudun ake fara tallatawa. Wuri biyu ne ke cinye su: abin da zai faru in wuta ta ɗauke ana tsakar rubutu, da fasalin da aka zana a kan faifai, wanda da zarar mutane sun zuba bayanansu a ciki ba ya janyuwa. Kuskuren manhajar kallon bidiyo, a gyara a sake fitarwa, shi ke nan. Kuskuren tsarin fayil yana kwance a faifan mutane, kuma sabuwar fitowa ba ta dawo da abin da ya riga ya salwanta.

Mu fara da kayan ginin. Kusan kowane tsari na gidan Unix, wato dangin manyan manhajoji irin su Linux da BSD, yana haɗa gurabe zuwa bulo-bulo, galibi kilobayit 4 kowanne. Kusa da farkon faifai akwai babban bulo, mai faɗin girman faifan da girman bulo da inda sauran abubuwa suke. ext2 da magadansa suna ajiye shi bayan bayit 1024 na farko, su kuma warwatsa kwafinsa a wasu wurare, saboda in ya lalace an rasa ƙofar shiga komai. Sai inod, ɗan katin da kowane fayil ke da shi: girmansa, mai shi, izini, lokuta, da bulo-bulon da ke ɗauke da abin cikinsa. Sunan fayil ba ya cikin katin nan. Yana cikin folda, ita kuwa folda ba komai ba ce illa fayil mai ɗauke da jerin sunaye da lambar inod ɗin kowanne. Shi ya sa matsar da bidiyo mai gigabayit 10 daga folda zuwa folda a faifai ɗaya ba ya cin ko daƙiƙa: suna kawai aka matsar. Na ƙarshe ita ce taswirar sarari, mai nuna bulon da ke da mai shi da wanda babu kowa a ciki.

Ko a nan akwai zaɓin da ke bin mutum har abada. Linux ta fara da tsarin Minix a 1991, wanda ba ya wuce megabayit 64, sunan fayil kuma ba ya wuce harafi 14. Rémy Card ya rubuta ext a 1992, sannan ext2 a 1993. A inod ɗin ext2 akwai manuni 12 da ke nuna bulo kai tsaye, wato kilobayit 48 na farko. In fayil ya fi haka sai a koma ga bulo mai cike da manunai, sannan bulo mai nuna bulo mai manunai, har hawa uku. Fayil mai gigabayit 1 na buƙatar manuni 262,144. ext4, da aka ayyana ya nuna a ƙarshen 2008, ya koma faɗin zango: fara daga bulo kaza, ka ɗauki guda kaza a jere. Zango ɗaya na kaiwa megabayit 128, don haka gigabayit ɗin nan zai iya shiga layi takwas. XFS, wanda kamfanin SGI ya gina tun farkon shekarun 1990, da zango ya fara tun asali.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Ɗauki aiki mafi sauƙi: ƙara bulo ɗaya a ƙarshen fayil. A idon mai kwamfuta abu ɗaya ne. A faifai rubutu uku ne a wurare uku: a sa wa bulon alama a taswirar sarari cewa an ɗauke shi, a gyara inod ya nuna shi tare da sabon girma, a zuba bayanan a cikin bulon. Faifai ba zai yi ukun nan a lokaci guda ba, kuma wuta na iya ɗaukewa tsakanin kowane biyu. In bayanan kaɗai suka sauka, da sauƙi: an yi asarar sabon rubutun, amma komai na tsaye daidai. In taswirar kaɗai ta sauka, an samu bulon da aka ce yana da mai shi alhali babu fayil ɗin da ya san da shi, sarari ya zurare. In inod da taswira suka sauka ba bayanan, fayil zai nuna bulo mai ɗauke da tarkacen abin da wani ya goge a baya, wataƙila ma sirrin wani mai amfani da na'urar. Mafi muni shi ne inod kaɗai ya sauka. Fayil na cewa bulon nasa ne, taswira na cewa babu kowa a ciki. Gobe sai a ba wani fayil bulon nan, su biyu su riƙa rubutu a kan juna, ba wanda ya sani sai bayan watanni.

Maganin farko da aka yi shi ne fsck, manhajar bincike da gyaran faifai: in na'ura ta tashi bayan mutuwar ba-zata, a bi kowane inod da kowace folda a sake lissafin abin da ya dace da abin da bai dace ba, marayun fayiloli kuma a zuba su a foldar lost+found da lamba a madadin suna. Ya yi aiki a zamanin ƙananan faifai. Da faifai suka girma, binciken ya koma cin sa'o'i, sabar kamfani na kwance ana jira.

Daga nan hanyoyi suka rabu. Ta farko ita ce kundin niyya, wadda XFS da ReiserFS da JFS suka bi, Stephen Tweedie kuma ya ɗora wa ext2 ya zama ext3 a 2001. Kafin a taɓa wuraren gaske, sai a rubuta sauye-sauyen gaba ɗaya a wani keɓaɓɓen wuri, a bi su da ɗan bulo mai cewa an kammala. Sai bayan wannan ya sauka ake zuwa a gyara taswira da inod. In wuta ta ɗauke kafin alamar kammalawa, a yi watsi da abin da ke kundin kamar ba a fara ba. In ta ɗauke bayanta, a sake karanta kundin a ƙarasa. Daƙiƙu kaɗan maimakon sa'o'i. Farashinsa shi ne rubuta abu sau biyu, shi ya sa ext3 da ext4 a yadda suke zuwa ba sa saka bayanan fayil a kundin, sai bayanan tsari kawai, tare da sharaɗin cewa bayanan su riga kundin sauka.

BSD ta gwada wata dabara, wadda Gregory Ganger da Yale Patt suka fito da ita, Kirk McKusick ya shigar da ita FFS, tsarin fayil ɗin BSD: a jera rubuce-rubucen bi da bi yadda duk inda aka tsaya, mafi munin abin da zai faru shi ne zurarewar sarari. Dabara ce mai kyau a takarda, amma bin diddigin wane rubutu ke jiran wane ya yi sarƙaƙiyar da mutane ƙalilan ne suka fahimce ta. NetBSD ta cire ta, OpenBSD ma ta kashe ta a 2023. Darasin da ke nan ya shafi mai sabon aiki kai tsaye: dabarar da kai kaɗai ka gane, ranar da ka gaji ta mutu.

Hanya ta uku ita ce ta ZFS, wanda Jeff Bonwick da Matt Ahrens suka fara a Sun Microsystems a 2001 aka sake shi a 2005, ita ce kuma ta Btrfs da bcachefs da HAMMER2. Ƙa'idarta ɗaya: ba a rubutu a kan bulon da ke aiki. In za a sauya bulo, a rubuta sabonsa a wani wuri. Tunda ya koma sabon wuri, bulon da ke nuna shi ma sai an sabunta, shi ma a sabon wuri, haka har a kai saiwar bishiyar. Rubutu na ƙarshe, ɗan ƙarami, shi ke sauya saiwar. Kafinsa tsohuwar bishiya na nan cikakkiya, bayansa sabuwa na nan cikakkiya, babu tsaka-tsaki. Ga kuma garaɓasa: in ka ƙi sakin tsohuwar saiwar, ka samu hoton yadda faifan yake a wancan lokacin ba tare da kwafe komai ba. Da wannan openSUSE ke mayar da na'ura baya in sabuntawa ta ɓata ta.

Sai dai kowa ya ci zomo ya ci gudu. Fayil ɗin da ake yawan gyara tsakiyarsa, irin na rumbun bayanai ko faifan kwamfutar kwaikwayo, yana tarwatsewa gutsi-gutsi a ko'ina. Lissafin sarari kuma ya zama ciwon kai na gaske. Tambayi irin wannan tsari sarari nawa ya rage, amsar ta danganta da hotuna nawa ke riƙe da tsofaffin bulo, da ko an matse bayanan, da kwafi nawa ake ajiyewa. Har goge fayil na buƙatar sarari, tunda gogewar ma sauyi ne da za a rubuta a sabon wuri. Faifan da ya cika maƙil zai iya hana ka goge abin da zai rage masa cika. Masu Btrfs sun shafe shekaru suna fama da wannan, kuma duk wanda ya zaɓi hanyar nan ya tanadi amsarsa tun a zanen farko.

Duk dabarun nan sun dogara da abu guda: a iya tilasta wa faifai ya sauke wannan kafin wancan. Faifai na da 'yar ma'ajiyarsa ta wucin gadi, yana cewa ya rubuta alhali abin na riƙe a can, yana kuma sake jera rubutu yadda ya ga dama. Akwai umarnin da ke sa shi ya zazzage komai, amma yana da tsada wajen lokaci, kuma akwai na'urori masu araha da ke amsa "na gama" ba su gama ba. Mai zane ba shi da iko a kan wannan. Abin da zai iya shi ne ya gina tsarin da zai gane an yi masa ƙarya.

Akwai kuma ɓangaren da ba a rubuce yake a ko'ina ba, wato abin da manhajoji suka saba samu. Abin da ya faru da ext4 a farkon 2009 ya isa misali. Manhajoji da yawa, in za su sabunta fayil ɗin saituna, sai su rubuta sabon a wani suna na wucin gadi, sannan su sauya masa suna ya hau kan tsohon. Tunaninsu shi ne ko me ya faru za a tarar da tsohon ko sabon. A ext3 haka abin yake, domin yana sauke komai duk daƙiƙa biyar, bayanai kafin kundi. ext4 ya zo da jinkirta raba bulo: ya riƙe bayanan a ƙwaƙwalwar kwamfuta na daƙiƙa talatin ko fiye don ya samu ya jera su wuri guda. Sauyin sunan kuwa yana sauka da wuri. Masu gwajin Ubuntu da na'urarsu ta sandare suka tashi suka tarar da fayilolin saitunan manhajojin tebur na KDE da GNOME da sunansu daidai, girmansu sifili. Tsohon ya tafi, sabon bai iso ba.

Theodore Ts'o, mai kula da ext4, ya yi bayanin cewa ƙa'idar POSIX, wadda manhajojin gidan Unix ke bi, ba ta yi wa kowa alkawarin komai ba in bai kira fsync ba, wato umarnin da ke tilasta sauke bayanan fayil a faifai. A bisa takarda gaskiyarsa ne. Masu manhajoji suka ce kiran fsync a ext3 na iya sandarar da na'ura na daƙiƙu, shi ya sa suka guje shi, kuma ba za a sake rubuta dubban manhajoji saboda tsarin fayil ɗaya ba. A ƙarshe kenel 2.6.30 ya zo da gyara: in ext4 ya ga an sauya suna a kan fayil da ke nan, sai ya tura bayanan tukuna. Ni ina ganin hukuncin ya yi daidai. Sabon tsari ba da takardar POSIX kaɗai zai yi mu'amala ba, da halayen manhajojin da aka rubuta shekaru talatin ana gwada su a kan wasu tsare-tsare zai yi.

Shi kansa fsync ɗin bai tsira ba. A 2018 masu rumbun bayanai na PostgreSQL suka gano cewa in rubutu ya gaza a Linux, ana sanar da kuskuren sau ɗaya, kuma ana iya ɗaukar shafukan da ba su sauka ba a matsayin an gama da su. Ka sake kiran fsync ya ce lafiya lau, alhali bayanan ba su taɓa faifai ba. Sun yi shekaru suna dogaro da sake kiran. Maganin da suka ɗauka shi ne in fsync ya gaza ko sau ɗaya, rumbun ya tsaya cak ya farfaɗo daga nasa kundin. Hanyar kuskure, wato abin da tsari zai yi in faifai ya ce ya kasa, ita ce aka fi barin ta ba gwaji, domin faifan mai rubuta manhaja lafiyarsa ƙalau.

Wani lokacin ma faifai ba ya cewa ya kasa. Ya miƙo bulo da bit ɗaya a juye, ko ya rubuta abu daidai a gurbin da ba shi ba. A nan ZFS ya yi abin da ya kamata kowa ya kwaikwaya: kowane bulo na da lambar tantancewa, kuma ba a jikinsa ake ajiye ta ba, a bulon da ke nuna shi ake ajiyewa. Bulon da ya sauka a gurbin wani zai iya dacewa da kansa, amma ba zai dace da abin da na sama ke tsammani ba. In akwai kwafi na biyu a wani faifan, sai a ɗauko mai kyau a gyara marar kyau. ext4 da XFS sun ƙara lambar tantancewa daga baya, amma ga bayanan tsari kawai. Wanda zai zana sabon tsari yau ya bar bayanan mutane ba tantancewa, ban ga dalilin da zai sa a bar ext4 a koma wurinsa ba.

Batun na'ura ba sai an daɗe a kai ba, sai dai yana da tarko. FFS na 1983 an gina shi ne don faifai mai juyawa, inda tafiyar allura ita ce asara, shi ya sa yake ajiye inod kusa da bayanansa. Faifai mai juyi 7200 a minti na cin kusan milisakan 8 kafin ya zagayo sau ɗaya. SSD ba shi da allura, amma ba ya rubutu a kan shafi sai an goge babban yankin da shafin ke ciki, kuma yawan gogewa na cinye ransa. Sai ga tsohuwar dabarar Mendel Rosenblum da John Ousterhout ta 1991, ta rubuta komai a jere kamar kundi, ta dawo da ƙarfi a F2FS na Samsung, wanda ya shiga kenel 3.8 a 2013 yake kuma cikin wayoyin Android da yawa. Tarkon shi ne tsarin fayil ya fi na'urar da aka zana shi dominta tsawon rai.

Wannan ya kawo mu ga fasalin kan faifai. Ranar 19 ga Janairun 2038, agogon da ke ƙirga daƙiƙu daga farkon 1970 a cikin bit 32 mai alama, wato wanda bit ɗaya ke nuna ƙari ko ragi, zai cika ya juye. Duk tsarin da ya ware wa lokaci irin wannan bit 32 a inod ya gaji wannan ranar. ext4 ya tsira saboda inod mai bayit 256 na da sararin da aka ƙara bit biyu, abin da ya kai shi 2446. Faifan da aka tsara da tsohon inod mai bayit 128 kuwa yana nan da matsalarsa. XFS ya gyara nasa a kenel 5.10 a 2020, ya kai 2486. Amma da XFS ya so ƙara lambar tantancewa, sai da aka fito da fasali na biyar, wanda ba a hawa shi daga na huɗu sai an kwashe komai an sake tsara faifan, kuma an sa 2030 a matsayin shekarar daina karɓar na huɗun.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma gidan ext ya nuna yadda ake tanadi. A babban bulonsa akwai alamomin sababbin siffofi kashi uku. Kashin farko na gaya wa tsohon kenel cewa ko bai san siffar ba ya ci gaba da aiki. Na biyu na cewa ya karanta amma kada ya rubuta. Na uku na cewa kada ma ya taɓa. Da wannan ɗan tanadin aka tashi daga ext2 zuwa ext3 zuwa ext4 a kan faifai ɗaya ba tare da an kwashe kaya ba, kuma ina ganin wannan ya fi duk wani gudu bayyana dalilin da ya sa har yau ext4 ne Debian da Ubuntu ke ɗorawa. Sunan fayil ma fasali ne. A Unix suna jerin bayit ne kawai, ban da alamar / da bayit sifili. Da ext4 ya ƙara zaɓin daidaita babban harafi da ƙarami a 2019, sai da ya rubuta a faifai wane bugu na Unicode aka bi, domin in ƙa'idar ta sauya, fayil na nan amma nemansa da suna ba zai same shi ba.

Kayan gyara ma da fasalin ake zana su. Tsarin da ya san fayil kaza na da bulo kaza, amma bai san bulo kaza na wane fayil ne ba, zai sha wuya ranar da wani yanki ya lalace. XFS sai a 2016 ya ƙara taswirar komawa baya, a kanta kuma aka gina gyara ba tare da sauke faifai ba. Mai sabon aiki da ya ce zai rubuta fsck "daga baya" ya riga ya yanke shawarar cewa masu amfani na farko ba su da mafita.

Kasancewar manhajar a buɗe na ƙara nasa sharuɗɗan. Na farko lasisi. An saki ZFS a ƙarƙashin CDDL, kenel ɗin Linux kuma na GPL ne, kuma ra'ayin da ya rinjaya shi ne biyun ba sa haɗuwa. Shi ya sa FreeBSD ta shigar da shi tun 2008, amma a Linux har yau daga waje ake jona OpenZFS. Shekaru ashirin na injiniyanci mai kyau, takardar lasisi ta tsayar da shi a bakin ƙofa. Na biyu, kenel ba naka ba ne kai kaɗai. Dole tsarinka ya zauna ƙarƙashin VFS, shimfiɗar da ke sa duk tsare-tsare su amsa kira iri ɗaya, kuma duk wanda zai gyara wannan shimfiɗar sai ya gyara naka ma. Saboda haka masu kula da kenel ke tambayar wa zai riƙe shi nan da shekara goma kafin su tambayi gudunsa.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. ReiserFS ya shiga kenel a 2001, SUSE ta yi shekaru tana ɗora shi kai tsaye. Kamfanin da ya gina shi ya watse, masu kula suka yi ƙaranci. Aka ayyana shi tsohon yayi a 2022, aka cire shi a kenel 6.13. bcachefs kuwa ba fasaha ce ta fitar da shi ba. Saɓani ne tsakanin mai shi da Linus Torvalds, jagoran kenel ɗin Linux, da wasu masu kula kan irin sauye-sauyen da ya halatta a turo a makonnin gyaran kurakurai, har aka cire shi daga kenel a 2025, ƙasa da shekara biyu da shigarsa. Red Hat ma ta janye daga Btrfs a 2017, ta tsaya kan XFS da ta tara ƙwararrunsa.

Gwaji na da kayan aikinsa, kuma a buɗe suke. FUSE, da ke kenel tun 2005, na ba mutum damar gudanar da tsarin a matsayin manhaja ta yau da kullum, in ya faɗi bai tafi da na'urar ba. fstests, da ya samo asali daga gwaje-gwajen XFS, na da ɗaruruwan jarrabawa da aka tara daga kurakuran da suka taɓa cin mutane. Akwai hanyar naɗe duk rubutun da aka aika wa faifai, a sake kunna shi a tsaya a kowane mataki a duba ko tsarin na tsaye. syzbot na Google kuma na jefa wa kenel lalatattun faifai da gangan, domin filashin da aka tsinta aka soka a kwamfuta na iya zuwa da babban bulon da aka ƙera don ya rikita kenel. Duk lambar da aka karanto daga faifai, sai an ɗauke ta a matsayin abin zargi.

Duk da haka akwai kurakuran da ba sa fitowa sai an samu dubban na'urori, da faifai iri-iri, da cikar sarari, da ɗaukewar wuta a daidai daƙiƙar da ba a so. Nan ne buɗaɗɗen aiki ke shiga tsaka mai wuya: mutane ba za su ba shi bayanansu ba sai ya nuna, shi kuma ba zai nuna ba sai an ba shi bayanai. Btrfs ya samu mafita ne da Chris Mason da Josef Bacik suka koma Facebook a ƙarshen 2013, aka baza shi a kan tarin sabobin da in ɗaya ta lalace sai a goge a sake ɗorawa. Sassan da kamfanin ke amfani da su suka yi ƙwari. RAID 5 da 6, hanyoyin raba bayanai a kan faifai da yawa, da ba ya amfani da su, har yau takardun Btrfs na gargaɗi a kansu. Ƙaramin aiki ba shi da irin wannan rundunar, don haka wurin da zai fara nema shi ne inda asara ba ta da zafi: na'urorin harhaɗa manhaja, ma'ajiyar wucin gadi, kwafi na uku na abin da ke da kwafi biyu a wani wuri. Sai ya shekara a can ana cire masa wuta ana cika shi maƙil, tare da rubuta wa duk mai gwaji ƙarara cewa fasalin kan faifan na iya sauyawa, kafin a kulle fasalin a gayyaci sauran jama'a.